Zango Biyu Zuwa Birnin Sin

Ranar da na je yi wa kakata sallama a Gwammaja, na ce mata maigidana zai tura ni Gwanzu sarin kaya. Kunnenta ya yi nauyi, sai ta ji Gwanja. Ta ce, "Gwanja? Yanzu kuma goro kuka koma?" Aka yi ta dariya a tsakar gida. Da ƙyar ƙanwata ta fahimtar da ita cewa Gwanzu gari ne a ƙasar Sin, can inda yawancin atamfa da leshin da muke sayarwa a Kantin Kwari suke fitowa. Ta yi jim, sannan ta yi mini tambayar da babu wanda ya yi mini tun da aka fara zancen tafiyar nan: "To zango nawa ne?"

Na ce, "Biyu, Iya."

Ta ce in daina yi mata wasa da hankali. Mijinta, wato kakana, kafin ya aure ta ya tafi Makka ta ƙasa. Ya bi ta Maiduguri, ya ratsa Chadi, ya shiga Fashir, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya tsaya ƙwadagon auduga a gonakin Jazira har ya tara kuɗin jirgin ruwan da ya tsallaka da shi Jidda. Shekara shida ya yi kafin ya sake ganin dutsen Dala. Makka ke nan, wadda ba ta kai sulusin nisan inda za ni ba. A kunnen Iya birnin Sin shi ne ƙarshen duniya, wurin da ake ambata idan ana son a ce abu ya yi nisa.

Wahalar tafiyar tun kafin in ga jirgi na fara shan ta. Neman biza ya kai ni Abuja a mota. Mun bar tashar Unguwa Uku da hantsi, ga aikin hanya, ga shingayen jami'an tsaro, ga tirelolin da suka toshe Tafa, ba mu shiga Abuja ba sai bayan magariba. Kilomita 400 da ɗoriya, awa takwas. Ku riƙe wannan awa takwas ɗin, za mu sake haɗuwa da ita. Bayan biza ta fito na je Wapa na canji dala, na nemo katin allurar shawara, maigida ya biya tikitin zuwa da dawowa, naira miliyan biyu da 'yan kai.

A daren na zauna da tikitin ina lissafi. Tashi daga Kano ƙarfe 2:30 na rana ranar Talata, sauka Gwanzu ƙarfe 3:30 na yamma ranar Laraba. Na ƙirga da yatsu, awa 25. Na faɗa wa maiɗakina, ta ce "Wayyo, ƙafarka za ta kumbura." Washegari a kasuwa na faɗa wa Alhajin da za mu tafi tare, maƙwabcin shagonmu, wanda ya je Sin ya fi sau ashirin. Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Yaro, agogon tikiti ba agogo ɗaya ba ne. Kowane gari da nasa aka rubuta. Cire bakwai." Ban gane ba, amma na ce to, don kada 'yan layinmu su samu abin tsokana.

Ranar tafiya hazo ya sauko tun asuba, irin na tsakiyar hunturu da ke sa rana ta koma kamar faranti. Ƙanena ya kai ni a mota, muka bi titin Katsina muka karya zuwa filin jirgi na Malam Aminu Kano. Ni da na taso ina jin rugugin jirage a saman rufinmu, ban taɓa wuce wurin ajiye motoci ba sai rakiyar alhazai. An duba fasfo, an duba katin allura, an buɗe jaka, an auna kaya: jaka biyu, kowace kada ta wuce kilo 23. Tawa ɗaya ce, rabinta garin kunu da yaji da kilishi. Alhaji ya leƙa ya ce kilishin nan mu cinye shi a hanya, don ba a shiga Sin da nama.

Muna zaune muna jira, wani dattijo da ya ce ya yi aiki a filin shekaru da yawa kafin ya yi ritaya ya ja mu da hira. Shi ya tuna mana cewa jirgin sama na farko da ya sauka a Najeriya a Kano ya sauka, a 1925. Jirage uku ne na sojan saman Ingila, daga Masar suka taso, suna tafe suna yada zango, sai da suka yi kusan mako guda kafin su dira a filin dawakai, mutanen gari suka fito kallo. Yau daga Alƙahira zuwa Kano ba a cika awa biyar. Na ce a raina, ashe su ma jiragen da zango suka fara, da Iya ta ji wannan da ta ce ai ga shi nan.

Mun tashi kusan a kan lokaci. Ba zan ɓoye ba, lokacin da jirgin ya zabura a kan titinsa na karanta duk addu'ar da na haddace, har da wadda ba ta tafiya ba. Ina son in hango Kwari daga sama, ko Dala, ko Goron Dutse, amma hazo ya hana, minti biyu garin ya ɓace. Sai muka huda hazon muka fito sararin da ban taɓa ganin shuɗinsa ba, ƙurar tana ƙarƙashinmu shimfiɗe kamar bargo.

Abin da ya ɗauke mini hankali shi ne ɗan allon da ke bayan kujerar gabana. Wasu fim suke kallo, ni taswira na kunna ban sake kashewa ba. Tana nuna ɗan jirgi yana rarrafe, tana rubuta gudu kilomita 870 a awa, tsayi ƙafa 37,000, sanyin waje ya haura 50 ƙasa da sifili. Kafin a gama raba abinci mun bar Najeriya. Na tuna motar Abuja: abin da muka yi awa takwas muna fama da shi, a nan rabin awa ne. Tsakanin Kano da Adis Ababa kilomita 3,300 ne idan aka miƙe, amma na lura ɗan jirgin bai miƙe ba, ya karkata kudu. Alhaji ya ce tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 jirage suke kauce wa samaniyarta, shi ya sa ko alhazan waccan shekarar sai da tafiyarsu ta ƙara tsawo. Na daɗe ina kallon sunan Sudan a gefen allon. Ƙasar da kakana ya taka da ƙafa shekara da shekaru, ni ko ta samanta ban samu bi ba.

Awa biyar da 'yan mintuna muka sauka Adis. Agogona ya ce 7:40 na dare, na bangon filin jirgin ya ce 9:40. Biyu ke nan daga cikin bakwai ɗin Alhaji. Ana buɗe ƙofa sanyi ya mare ni, ba irin namu mai bushe leɓe ba, wani siriri mai shiga ƙashi. Garin a kan tsauni yake, ya haura mita 2,300 daga gaɓar teku, Kano kuwa ba ta kai 500 ba. Na hau matakala da sauri sai na ji ina haki kamar wanda ya yi dako.

Filin jirgin Bole kasuwa ne. Ga 'yan Kwango, ga 'yan Mali da manyan riguna, ga Sinawa masu komawa gida, ga Hausar Nijar da ta Kamaru da ta Gana tana tashi ta kowane lungu. Muka nemi ɗakin salla don mu haɗa magariba da lisha. Na tsaya ina laluben gabas, sai na ga sahu ya kalli wani wajen daban. A Adis alƙibla arewa take, don a taswira Makka tana saman garin ne kai tsaye. Mu da muka saba cewa "fuskanci gabas" idan muna nufin alƙibla, ranar na fara sanin maganar iyakarta ƙasarmu. Bayan salla na sayi shayi kofi ɗaya dala huɗu, na sha ina lissafin kofi nawa mai shayin bakin layinmu zai ba ni da kuɗin. Alhaji ya sa na ɗanɗana injera, wainarsu mai faɗin faifai da tsami kamar ƙullun da ya kwana uku. Loma biyu na yi na koma wa kilishina. Mai sayar da shayin ma ta ƙara rikita ni, na tambaye ta lokaci don in gyara agogo ta ce ƙarfe biyar, alhali bango na nuna sha ɗaya. Ashe su Habashawa daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe bakwai na safe shi ne ɗayansu.

Zango na biyu shi ne tafiyar. Ƙarfe 12:30 na dare muka tashi, allon ya rubuta saura kilomita 8,000, awa goma. Jirgin ya fi na farko girma nesa ba kusa ba, kujera tara a jere. Allah ya haɗa ni da wani yaro ɗan Kano, ɗan unguwar Tarauni, yana karatun injiniya a can, ya zo hutu zai koma. Da na ji Hausa a bakinsa na ce, "Ɗan'uwa, don Allah fitar da ni daga duhu, mene ne wannan bakwai da ake ta cirewa?"

Ya ɗauki lemon da aka ba mu da abinci ya ce in ɗauka duniya ce, an tsaga ta gida 24, rana tana wuce gida ɗaya a kowace awa. Zagayen duka digiri 360 ne, kowane gida 15 ke nan. Kano tana wajen digiri 8 da rabi gabas, Gwanzu tana 113. Tsakaninsu kusan 105, ka raba da 15, bakwai cif. Rana tana riga fito musu da awa bakwai, shi ke nan. Ya ce tafiyarmu daga tashi Kano zuwa sauka awa 18 ce har da zaman Adis, ba 25 ba, kuma da akwai jirgin da zai miƙe daga Kano ba tsayawa, kilomita kusan 11,000 zai ci. Biyowa ta Habasha 'yan ɗaruruwa kawai ta ƙara, don kusan a kan hanya take. Lissafin da malamin firamare ya yi ta fama ya cusa mini da bulala, ga shi lemo ɗaya ya warware.

Barci ya fara ɗaukata ke nan, muna saman teku tsakanin Yaman da Indiya, Alhaji ya miƙo hannu daga baya ya taɓa ni. "Tashi ka yi asuba." Na duba agogona da ban canza ba, ƙarfe biyu na dare a Kano. Na ce, "Alhaji, asuba kuma?" Ya ce in ɗaga labulen taga. Wallahi ga alfijir ya keto, jan layi siriri a gabanmu. Mu muke gudu muna tarar rana, daren gaba ɗaya ya tsuke. Ya zaro ɗan dutsen taimama da yake yawo da shi a aljihu, muka yi salla a zaune. Can gida a lokacin ko masu kiran assalatu ba su farka ba.

Sauran tafiyar gajiya ce zalla: Indiya ta ƙi ƙarewa, gargada ta kama mu a saman ƙasar Bama, wato Myanmar, har shayi ya zube mini a riga, ƙafata kuwa ta kumbura kamar yadda maiɗakina ta faɗa, sai da na sassauta takalmi.

Mun sauka filin jirgin Baiyun ƙarfe 3:30 na yamma, a Kano 8:30 na safe, daidai lokacin da yara suke buɗe shago suna kakkaɓe dila. An ɗauki hoton yatsunmu, an tambaye ni masauki, aka buga hatimi. Jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa ya kai mu cikin gari a kan kuɗin da bai kai yuwan goma na kuɗin Sin ba. Masaukinmu a unguwar Siyawbei yake, inda baƙaƙen fata suka fi yawa, ɗaki yuwan 160 a kwana, ƙanƙane amma tsaf, da ruwan zafi. Abinci kuwa Alhaji ya nuna mini alamar halal da Musulmin Sin suke liƙawa a ƙofa, yawanci koriya. Taliyar hannu da romon naman sa, yuwan 18 kwano, ita na rayu a kai, ina barbaɗa yajin gida.

A ɗakin nan na yi abin kunya biyu. Na farko, da asuba na shimfiɗa darduma ina kallon tagar da rana take fitowa, har na kabbara, Alhaji ya shigo ya kama kafaɗata ya juya ni. A Sin alƙibla yamma take. Mun wuce Makka mun bar ta a baya. Na biyu, ƙarfe tara na safe na karya na ji daɗi, na ce bari in gaida gida. WhatsApp ba ya aiki a can sai da dabara, don haka ta WeChat, manhajar Sinawa, na kira ƙanena, na ce ya kai wa Hajiya waya. Ya ɗauka da muryar barci a firgice: "Yaya, lafiya? Wani abu ya faru?" Ƙarfe biyu na dare ne. Sai da Hajiya ta tashi, gida ya tashi, kowa ya ɗauka mugun labari ne. Har yau ba a daina yi mini gori ba. Jikina ma nasa agogon bai yarda ya canza ba, kwana huɗu ina gyangyaɗi a gaban masu kaya da rana, da dare kuma ido ƙyar har uku.

Kasuwar yadi ta Zhongda ba zan iya kwatanta ta ba, sai dai in ce a ɗauki Kwari a ɗora mata Kwari sau da yawa, a sa mata lif. Ciniki da na'urar lissafi ake yi, ka danna naka ya danna nasa, tafinta yana tsakiya yana jiran la'adarsa. Ranar Juma'a muka je masallacin da ke kusa da kabarin da mutanen garin suke danganta wa Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ko da yake abin da muka karanta a wurin malamanmu shi ne a Baƙi'a aka binne shi. Sahu ya cika da Sinawa da Larabawa da 'yan Pakistan da mu, a waje kuma ana gasa tsire. Nan na tsaya ina tunanin fataken da suka kawo Musulunci garin nan ta teku fiye da shekara dubu da suka wuce, ko su wata nawa suka yi a ruwa.

Kwana ɗaya muka shiga jirgin ƙasa mai gudu zuwa Shenzhen don in sayo wa ƙanena kayan waya, allon cikinsa yana nuna gudun kilomita 300 a awa, rabin awa muka isa. Irinsa ne yake zuwa Beijin daga Gwanzu, kilomita 2,298, a awa takwas. Ga awa takwas ɗinmu ta Abuja ta dawo. Ban ce komai ba, Alhaji ma bai ce ba.

Dawowa ta zo da nata abin mamaki. Hanya ɗaya, jirgi iri ɗaya, amma allon ya rubuta awa 11 maimakon goma. Na tuna yaron Tarauni ya riga ya gargaɗe ni. Ni da na zaci juyawar duniya ce take jawo haka, ya ce a'a, iska ce. Can sama inda jirage suke bi akwai iska mai ƙarfi da take kaɗawa daga yamma zuwa gabas, ta fi tsanani da hunturu. Mai zuwa gabas tana tura shi, mai dawowa yana kokawa da ita, kamar mai keke a kan hanyar Dawanau ranar da iska ta taso. Daren kuma da ya tsuke mana a zuwa, a dawowa sai ya biya bashi. Rana ta faɗi muna Gwanzu wajen ƙarfe shida, muka tashi 12:30, muka yi awa 11 cikin duhu rana tana bin mu a baya ta kasa cim mana, sai da muka kusa Adis gari ya fara wayewa. Na yi barci na farka, na sake yi na farka, taga baƙi ƙirin. Dare ɗaya ya yi kusan awa 17.

Daga Adis muka taso da hantsi, ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna na rana muna Kano. A takarda, ranar da muka bar Sin ita ce ranar da muka iso, awa 12 da rabi kacal, jikina kuwa ya san ya yi kusan 20. Hazon yana nan inda na bar shi. La'asar a masallacin unguwarmu na yi ta, na fuskanci gabas ba tare da na tambayi kowa ba.

Da daddare na kai wa Iya tsarabar bargo da fulas. Ta ɗaga fitila ta haska fuskata ta ce, "Kai da wa? Fasawa ka yi?" Na ce na je na dawo, kwana tara. Ta ce to ina kayan? Na ce suna cikin kwantena, kwantena tana cikin jirgin ruwa, ejan ya ce kwana arba'in ko fiye kafin ta iso Legas, don sai ta ratsa tekun Indiya ta zagayo ta ƙarshen Afirka ta Kudu. Daga nan a yi zaman fitar da ita daga tashar ruwa, sannan tirela ta ɗauko ta kilomita dubu zuwa Kano. Iya ta gyaɗa kai ta ce, "To su kayan su ne suka yi tafiya."

Yau kwana 23 da dawowata. Ɗazu ejan ya turo mini hoton inda jirgin ruwan yake, ɗigo ɗaya a tsakiyar shuɗi, ko Madagaska bai kai ba. Masu sari daga Maraɗi sun kira maigida sau biyu suna tambayar sabon zane, shi kuma duk safiya sai ya ƙirga mini kwanakin da suka rage kafin azumi.